Ɗaurin Rai-da-rai

Ni ce mai rubuta bayanin zama
a majalisar gundumarmu, nan Wisconsin.
Shekara goma sha tara ina jin "na amince",
ina zuba shi a takarda kamar mai awon tsaba.
Daren Talata, ƙanƙara ta binne matakalar kotu,
na'urar ɗumama ɗaki na tari kamar tsohuwar tunkiya,
mutum goma sha ɗaya a kujerun da aka jera wa tamanin.

Batu na bakwai: gonar Orrin Vandermolen.
Eka ɗari da arba'in, masara da ciyawar shanu,
da wani ɗan rafi da taswira ta manta da shi.
Gunduma za ta biya, shi kuma ya sa hannu:
ba gida, ba kanti, ba filin ajiye motoci,
ko ya mutu, ko an sayar, ko jikan mai saye ya gada.

Wakilin magina ya miƙe, takalminsa na ƙyalli,
ya ce gari na cika, masu jinya a asibitinmu
wasu a mota suke kwana, haya ta fi ƙarfinsu.
Bai yi ƙarya ba. Na rubuta yadda ya faɗa.

Orrin ya tashi, hula a hannu, gwiwa na ƙara.
"Kakana da doki ya kwashe duwatsun gonar nan.
Ba na son kwalta ta zama shukar ƙarshe."
Ya zauna. Iyakar jawabinsa ke nan.
Huɗu suka ɗaga hannu, ɗaya ya bar nasa a aljihu.
Aka yanke wa ƙasa ɗaurin rai-da-rai
don kada ta kuɓuce wa garma.

Batu na takwas: kwamitin shawara kan shari'a.
Akwai kujerar lauya, da ta ɗan sanda, da ta likita,
sai ta ƙarshe, wadda ta shekara biyu ba kowa,
ta wanda ya taɓa kwana bayan ƙofar ƙarfe.
Shugaba Lorna Tiedemann ta gyara tabarau,
ta karanta sunan a hankali:
Wendell Vandermolen.

Alƙalamina ya tsaya.
Kowa a ɗakin ya san labarin shanu goma sha biyu
da aka loda cikin dare aka kai kasuwa saboda ƙwaya,
ya kuma san wanda ya kira 'yan sanda da bakinsa.
Shekara uku a ciki. Shekara shida ba gaisuwa.

Daga layin baya ya taso, rigarsa ta aro ce,
wuyan ya yi masa yawa.
"Kuna sakin mutum ƙarfe biyun dare,
ba mota, ba rigar sanyi, gari na mil tara.
Ina kuke so ya nufa?
Ni dai na san inda na nufa."
Wani ya yi gyaran murya, ya ce ba a ba kura ajiyar nama.
Lorna ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Uku da biyu. Da ƙyar, amma ya wuce.

Tsohon bai juya ba ko sau ɗaya,
sai dai na ga hular nan ta sha matsa,
har bakinta ya lanƙwashe.

Ina naɗe wayar lasifika suka haɗu a ƙofa,
ƙofa ce mai ɗaukar mutum ɗaya.
Orrin ya dubi ƙanƙara, ba ɗansa ba,
ya ce, "Shingen arewa ya faɗi tun kaka."
Shiru ya yi tsawo, har na ji tafiyar agogo.
"Asabar?" in ji Wendell.
"Ka zo da safar hannu. Tawa ta yage."

Takardata ba ta da layin wannan.
An ɗaure ƙasa, an kwance mutum,
duk a dare guda, da hannuwa iri guda.
Abin da na rubuta kawai:
an tashi ƙarfe tara saura kwata.